Kwaltar Lungunmu a Saint-Denis

Saint-Denis, 8 ga Maris 2004

Zuwa ga Kawuna Alhaji Munzali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lahiya, ku da Tanti Raliatou da Kamalu. Yaya kunnen? Tanti ta ce likita ya ba ku na'urar ji, kun jefa ta cikin durowa. Shi ya sa na zaɓi rubutu, don a tarho ihu kawai muke yi wa juna. Ni lahiya lau, sai gajiyar aiki a wurin gwajin jini. Maazou yana gaishe ku daga Yamai. Takardun zuwansa suna hannun hukuma, an ce kafin ƙarshen shekara za a turo wanda zai duba gidan da zan sauke mijina, a ga ko ya ishi mutum biyu. Ba don kun ba ni gidanku na zauna ba, da ban ma fara neman ba. Allah ya saka da alheri.

Maganar lungu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kun san yadda kuka bar shi lokacin da kuka koma Lyon. To, yanzu ya wuce nan. Bututun ƙazanta da ke ƙarƙashin titi ya fashe tun sanyin bara, ƙasa ta lotsa a tsakiya, ramin gaban gidan maƙwabciyarmu Madam Leïla ya zama tafki. In an yi ruwa da takalmin roba nake fita, na aiki yana cikin jaka, sai na kai metro in canza. Wari kuwa ba a magana. Motar shara ta daina shigowa.

Maƙwabta sun je meri, ofishin magajin gari, aka ce musu Impasse des Groseilles ba titin gwamnati ba ne, na masu gidajen ne, su ke da alhakin gyara abinsu. Mushe Almeida, tsohon maginin nan ɗan Fotugal da ke shugabantar ƙungiyar masu gidaje, ya kawo wani kamfani ya auna. Za a tone lungun gaba ɗaya, a sa sabon bututu, a shimfiɗa kwalta, a yi gefen masu tafiya a ƙasa. Kuɗin za a raba shi ne bisa tsawon katangar kowane gida da ke kallon titi. Kawu, nan ne abin ya shafe ku. Gidanku ne a bakin lungu, katangarsa ta fi ta kowa tsawo. Kasonku ya kusa yuro dubu goma sha huɗu. Da wannan ma'aunin kuma ake ƙirga ƙuri'a, don haka taku ta fi ta kowa nauyi.

Watan gobe za a yi taro a yanke shawara. Ga takardar wakilci nan, ku sa hannu ku mayar mini, ku kuma gaya mini abin da zan ce da sunanku. Tun da na ga adadin nan ban samu natsuwa ba.

Ɗiyarku,
Zakiyya

Lyon, 19 ga Maris 2004

Ɗiyata Zakiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya, Hajiya tana gaishe ki. Kamalu yana nan, ba ya zama gida. Kunne yana nan yadda yake. Na'urar da kike tambaya, in na sa ta, ƙarar cokali sai ka ce ana sauke ƙarfe daga babbar motar kamiyo, maganar mutane kuwa ba ta ƙaru da komai ba. Ki gai da Maazou, ki ce ya yi haƙuri, takardun ƙasar nan ba sa gaggawa.

Na karanta wasiƙarki a zaune, na sake karanta ta a tsaye. Dubu goma sha huɗu! Na titi? Ranar da na sayi gidan nan, notar, lauyan da ya rubuta takardar cinikin, bai ce mini har da titi na saya ba. In ma ya faɗa, to cikin irin faransancinsu na takarda ya faɗa.

Ki saurare ni da kyau. Uwarki ɗiyar baffana ce, tare muka tashi a Birni, ba zan ɓoye miki komai ba. Kasuwar kayan gyaran kamiyo ba kamar da ba ce. Kwantena ɗaya tana zaune a Kwatano tun kafin Layya, ana ta ja mini rai. Abin da na tara a gefe kuwa yana da wurin zuwa. Gidan da nake ginawa a Damagaram ya kai tsayin rufi, kwano da ƙofofi suka rage. Ni ban zo ƙasar nan don in shimfiɗa wa jikokin Almeida kwalta ba. Abinci na zo nema, kuma na kusa naɗe tabarmata. Bana ko baɗi za mu koma gida. In mijinki ya iso kun samu wurinku, in sayar da na Saint-Denis, wanda ya saya ya yi musu titin zinariya in ya ga dama.

Rami kuma, a kawo tsakuwa a cike, in ba da nawa kason ba gardama. Haka muka yi shekarun baya, ni da Si Bachir mijin Leïla, da shebur biyu, aka zauna lahiya.

Ga takardar na sa hannu. In an zo ƙuri'a ki ce a'a. Kada ki tsaya dogon bayani, ku 'yan lakwal masu boko, in kun fara faransanci ba ku san wurin tsayawa ba. A'a kawai, ki zauna.

Kawunki,
Munzali

Saint-Denis, 26 ga Afrilu 2004

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da Tanti, da fatan kowa lahiya. Ni jikina lahiya, amma raina ba a kwance yake ba. Takarda uku na yaga kafin wannan. Gara ku ji daga bakina kafin takardar ƙungiya ta iso muku.

Kafin taron da 'yan kwanaki, da safe ina shirin fita aiki, na ji kururuwar Madam Leïla. Si Bachir ne ya faɗi a banɗaki. Motar asibiti ta zo da wuri, amma a jikin katangarmu ta tsaya, direban ya ce in ya shiga ba zai fito ba. Suka tura gadon mai taya, tayoyin suka nutse a laka. Sai ɗaukar shi suka yi a hannu, su da Mushe Almeida da wani maƙwabci. A bakin ramin ƙafar ɗayansu ta zame. Ba su yar da shi ba, amma na ga hannun tsohon yana ja cikin ruwan ƙazantar nan, ita kuma tana biye da su ba ko ɗankwali, tana cewa, "A hankali, don Allah a hankali." Ya rayu, Kawu, sai dai ɓarin jikinsa na dama ya mutu, ba ya magana.

A garejin Mushe Almeida aka yi taron. Na shiga da a'a ɗinku a bakina, wallahi da ita na shiga. Aka yi ta cacar baki. Wani ya ce fashi ne da rana tsaka, wata ta ce 'ya'yanta sun daina gayyato abokai saboda kunya. Mushe Almeida ya ce tsakuwa ba za ta yi ba, bututun ne ya ruɓe, ko an cike ramin, da damina ƙasa za ta sake lotsawa. Madam Leïla tana can kusurwa a kan wata kujera, daga asibiti ta zo, ta sunkuyar da kai.

Da aka zo ɗaga hannu, masu so da masu ƙi suka yi kusan daidai. Kowa ya juyo yana kallona. Mushe Almeida ya ce, "Madam Zakiyya, gidan Mushe Munzali fa?"

Na buɗe baki in ce a'a, sai hannun nan da ke ja cikin ruwa ya faɗo mini a rai. Na ɗaga hannuna. Da ƙuri'arku aka yi rinjaye. Za a fara aiki bayan hutun Agusta, kuma za a biya kuɗin kashi-kashi.

Na san amana kuka ba ni, na yi abin da ba ku ce ba, da kuɗin da ba nawa ba. Ba zan ce mantuwa na yi ba. Zan riƙa ba da wani abu daga albashina duk wata, ko da zai ɗauki shekaru. Ku yi mini faɗa yadda kuka ga dama, amma ku amsa mini.

Zakiyya

Lyon, 17 ga Mayu 2004

Zakiyya,

Salam. Muna lahiya.

Na ce ki ce a'a, kin ɗaga hannu. Albashinki ki riƙe abinki, ban roƙe ki ba. Allah ya ba Si Bachir sauƙi.

Almeida na san shi tun kina lakwal a Damagaram, shi ya tsara taron yadda za a sa ki a gaba. Gida kuwa nawa ne, ni kaɗai na san wuyar da na sha kafin in same shi. Ki rabu da shi. Tafiya ce a gabana, zan je Kwatano in ga kwantenar nan da idona. Kada in dawo ƙarshen damina in ji kina shiga kina fita a ƙofarsa.

Munzali

Saint-Denis, 2 ga Yuni 2004

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina gai da Tanti. Allah ya kai ku lahiya ya dawo da ku lahiya.

Wasiƙarku ta iso. Ranar da na karanta ta na kira tarhon gida, ku kuka ɗauka. Na yi sallama, kuka ce, "Wa? Wa?" kuka ajiye. Ban sani ba ko ba ku ji ba ne, ko kun ji. Ban iya sake kira ba.

Gida naku ne, ban taɓa mantawa ba. Kun ce in rabu da shi, zan rabu da shi. Alfarma ɗaya nake roƙo: ku bar ni a ciki har masu duba gida su zo su tafi. Da adireshin nan aka buɗe takardun Maazou. In na tashi yanzu ba ni da wurin da zan nuna, komai zai koma farko, kuma shekara biyu ke nan da ɗaura mana aure, zamanmu tare bai kai wata uku ba. Na fara neman haya. Duk inda na je, da sun ji sunana a tarho ɗakin yana nan, da na iso an riga an bayar. Wanda na samu a Barbès kuwa, in ka miƙe hannu biyu ka taɓa bango da bango.

Ba na barci sosai. A wurin aiki jiya sau biyu shugabata tana maimaita mini magana. Ko layi ɗaya ne ku rubuto, i ko a'a, in san inda na dosa.

Ɗiyarku,
Zakiyya

La Courneuve, 23 ga Agusta 2004

Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lahiya, ku da iyali.

Na jira amsa har na gaji da buɗe akwatin wasiƙu. Na ɗauki shirun a matsayin amsa. Damina ta kusa ƙarewa a gida, ban so ku dawo ku iske ni a inda kuka ce kada ku iske ni.

Na kwashe kayana. Ina wurin Kadidiatou, ƙawata tun jami'a, a Cité des 4000, a ɗakin 'ya'yanta nake kwana. Adireshin yana bayan ambulan. Na wanke gidan, na rufe ruwa da gas, na bar labule a sauke. Kwanon rufin bayan gida yana ɗan yoyo ta kusurwa, na sa bokiti. Takardar kashin farko na kuɗin titi ta zo, tana kan tebur.

Masu duba gida sun aiko, sun sa rana cikin Oktoba. Ban amsa musu ba tukuna. Maazou ma ban gaya masa ba. Duk Lahadi in ya kira sai ya tambaye ni wane launi zan shafa wa ɗakin sama, ni kuma in ce ban yanke ba.

Ga mabuɗi nan. Na gode da shekarun da kuka rufa mini asiri. Abin da na yi a taron, har yau ban san ko zan iya yin wani abu dabam ba in aka maimaita, amma na san ku na ɓata wa.

Zakiyya

Lyon, 30 ga Agusta 2004

Ɗiyata Zakiyya,

Ni ce Tantinki Raliatou. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna bai saba ba. Ina gaishe ki. Muna lahiya, sai ƙafata da ke kumbura in na daɗe a tsaye. Gaisuwar ta isa haka, don raina a ɓace yake.

Ke yanzu da iliminki, sai ki kwashe kaya ki bar gida ba ki neme ni ba? Ni mutuwa na yi? Na kira gidan Saint-Denis ya fi a ƙirga, ba mai ɗauka, lambar salularki kuma tana cikin wayar kawunki, ya tafi da ita.

Kawunki ya bar Lyon tun farkon Yuni. Daga Kwatano ya wuce Damagaram, har yau yana can. Wasiƙarki ta Yuni tana kan talabijin ba a buɗe ba, don ni ba na buɗe masa takarda. Wannan ta ƙarshe ce mabuɗi ya huda ambulan ya faɗo mini a ƙafa. Na buɗe duka biyun, na karanta, na zauna a ƙasa.

Na kira shagon ƙanensa Ilya, aka nemo shi. Kin san tarho da kawunki. Ina ihu har maƙwabciyata ta buga bango. Na ce, "Alhaji, ka kori Zakiyya daga gida?"

Ya ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba wanda ya mutu! Zakiyya! Ka ce ta rabu da gidan!"

Sai Ilya ya karɓa yana maimaita masa a kunne. Ina jin shi daga nesa yana cewa, "Wane gida? Almeida na ce! Ta rabu da Almeida, ta daina zuwa ƙofarsa yana juya mata kai! Ni zan kori ɗiyar Aishat? Na haukace ne?" Ranar da kika kira kuma, ya rantse bai ji muryar kowa ba, ya zaci masu tallan tagogi ne.

To kin ji. Ga mabuɗinki na mayar. Ki koma yau, ki amsa wa masu duba gida, ki sayi fenti.

Saura maganar titi, wadda ba ki sani ba. Gidan nan da sunan mu biyu aka saye shi, rabi nawa ne, kuɗin ɗinkin da na yi shekara da shekaru yana ciki. Ban taɓa ɗaga maganar ba, don ba ta taso ba. Da ni aka tambaya, da i zan ce. Tunda Ilya yana tsaye yana maimaitawa, na ce bari in faɗa gaba ɗaya kowa ya ji. Na ce, "Alhaji, shekara talatin kana cewa baɗi za mu koma. Ɗiyarmu Amatullahi ta haihu a Créteil, Kamalu ko Hausa sai ya ga dama yake amsawa. Ni ba zan zauna a Damagaram in riƙa ganin jikokina a hoto ba. In na tsufa, a lungun nan zan tsufa, kuma ba cikin laka ba." Sai Ilya ya ce mini, "Hajiya, ya ji. Wannan ban ma maimaita masa ba."

Na kwashi adashena wannan watan. Ki aiko mini da takardar da ke kan tebur, ni zan biya kashin farko. Sauran mu gani in ya dawo. Tun ranar bai kira ba, ni ma ban kira ba, kuma ba zan ce miki hankalina a kwance yake ba.

Tantinki,
Raliatou

Saint-Denis, 25 ga Oktoba 2004

Zuwa ga Kawu da Tanti,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada. Tanti, yaya ƙafar? Kawu, na ji kun sauka, sannu da hanya, yaya mutanen gida? Na ji kunyar rubuto muku kai tsaye, shi ya sa na haɗa ku biyu. Na sake karanta wasiƙarku ta Mayu, na ga inda na karkata. Ku yafe mini baƙin tunanin da na yi muku wata uku.

Lungu yanzu ba lungu ba ne, kwari ne. Sun tone shi daga bakin titi har ƙarshe, zurfin ya fi tsayina. Tun safe injin yake girgiza tagogi, ƙura har cikin tukunya. Kowane gida an sa masa katako a ƙofa, a kansa muke tsallakawa. Da suka ciro tsohon bututun, guntu-guntu ya fito kamar busasshen burodi.

A haka mai duba gida ta zo, wata mace mai dogon takalmi. Ta tsaya a bakin ramin ta ce, "Nan ne?" Na ce nan ne. Ta cire takalman ta riƙe a hannu, ta tsallako da safa. Ta auna ɗakuna, ta buɗe famfo, ta leƙa banɗaki. Ta tambayi ranar gama titi, na nuna mata takardar ƙungiya. Ta ce gidan ya yi, saura amsar hukuma. Da ta tafi na zauna a matakala ina kuka da azumi a bakina.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Shekaranjiya na ga an kafa allon sayarwa a ƙofar Madam Leïla. Na kai mata kunun buɗa baki, na tambaye ta. Ta ce fanshon Si Bachir bai isa kasonsu ba, banki kuma ba ya ba masu shekarunsu bashi. Za su koma wurin ɗiyarsu a Stains, hawa na shida.

Na ce, "Madam Leïla, ni fa saboda ku na ɗaga hannu."

Ta ce, "Na sani, ɗiyata. Ba ki ga ni ban ɗaga nawa ba?"

Wallahi ban lura ba. Na ga ta sunkuyar da kai a taron, na ɗauka damuwar asibiti ce. Shekara talatin da wani abu suna gidan nan, itacen ɓauren da ke bayansu shi ya dasa. Na ba ta haƙuri, ta dafa kaina ta ce titin yana bukatar gyara ko da su ko ba su. Si Bachir yana kujerarsa ta guragu a bakin taga yana kallon injin, ban san abin da yake gani ba.

Kawu, kun ce in ce a'a saboda dalilinku, na ce i saboda nata, ga shi ita ce za ta tashi. Tun shekaranjiya nake zagaye ɗaki. Ban san wa na taimaka ba.

Ɗiyarku,
Zakiyya

Lyon, 8 ga Nuwamba 2004

Ɗiyata Zakiyya,

Wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa. Na dawo lahiya, kwantena ta fita, rabin kayan sun yi tsatsa. Mutanen gida suna gaishe ki, uwarki ta ba ni kilishi da yaji in kawo miki. Ban gaya mata komai ba. Na sa na'urar kunne, Hajiya ta ce in ban sa ba za ta ɗinke mini ita a hula. Ma sha Allah da zancen mai duba gida, Allah ya kawo Maazou lahiya.

Maganar wasiƙata, ni ɗan kasuwa ne, ba marubuci ba. Amma ke ma da kin san ni, da kin san ko gidan kika ƙona ba zan sa ki a titi ba. A bar ta nan. Maganar ƙuri'a kuwa, na ce a'a kin ce i, wannan tana nan tsakaninmu, ban ce ta wuce ba.

Kin tambayi wa kika taimaka. Ban sani ba, kuma kada ki jira in ce miki da kin bi maganata da Leïla tana gidanta. Bututun da kika ce ya fito guntu-guntu, da shebur ɗina da na Bachir ba za su gyara shi ba. Da bai tashe su bana ba, da ya tashe su baɗi, wataƙila da gini a kansu. Kin ba ta haƙuri sau ɗaya, ya isa. Kada ki riƙa zuwa mata da jajayen idanu har ta koma ita ke rarrashinki. Ki nemo kwalaye a Barbès, ki je ki taya ta naɗe kwanoni.

Na daɗe a Damagaram fiye da yadda na yi niyya. Kullum da la'asar sai in sa kujera a gaban ginin in zauna. Waɗanda na yi ginin don in zauna kusa da su, na iske uku a maƙabarta, ɗaya yana Kano wurin ɗansa. Masu wucewa suna gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Bayan wayar Hajiya na kira magini na ce ya toshe tagogin da bulo, kada awaki su mayar da shi nasu. Ban ce na fasa ba. Na ce ya toshe. Kuɗin kwanon rufi na tura wa ƙungiya jiya, na biya sauran kason gaba ɗaya, don ba na son ganin takardar Almeida duk wata uku.

Ki gaya wa Madam Leïla kada ta yi hayar motar kwasar kaya. Bayan Sallah zan taho da ƙaramar kamiyon shago, ni da Kamalu, ko yana so ko ba ya so. Lokacin da muka tare a lungun nan ba wanda ya amsa mana sallama sai Bachir, ba zan bari baƙi su ɗauke shi kamar buhu ba. Ni zan riƙe kujerar ta gaba. Ki ce wa Almeida ya ƙara katako a ƙofarsu, mai faɗi, kuma wannan kaɗai na yarda ki je ƙofarsa ki faɗa.

Ki share mana ɗakin ƙasa. Ni kwana biyu zan yi in juyo, shago ba kowa. Hajiya kuwa tun jiya take ɗaure kaya, na ƙirga akwati uku da keken ɗinki a bakin ƙofa. Ban tambaye ta ba.

Kawunki,
Munzali